Sakhuna da hulba: zaman jegon da na yi a Nizwa

Jaka biyu na ɗauko daga Kano, ɗaya ta tufafi, ɗaya ta jego. A ta jegon akwai garin gero da aka surfa aka niƙa, da jar kanwa, da yajin da Inna ta zauna aka daka a gabanta, mai citta da kimba da masoro, da daddawa a cikin leda uku, da busasshen ganyen darbejiya na wanka. Inna ce ta so zuwa, ciwon ƙafa ya hana ta. Haihuwar fari ce, kuma ta Autarmu, wadda a ƙa'ida gida za ta dawo wanka. To amma Oman ba nan kusa ba ce, likita kuma ya hana ta hawa jirgi tun cikin yana wata bakwai saboda jininta ya hau. Shi ne aka ce ni babbar ya in je in tsaya a madadin uwa.

Muka yada zango a Adis Ababa, muka sauka Maskat da asuba a farkon watan Disamba. Agogonsu ya riga namu da awa uku. Mijin Auta, wanda ke koyarwa a wata kwaleji a Nizwa, shi ya zo ɗauka ta, kuma tun kafin mu bar filin jirgi na ga bakinsa da magana. Sai da muka hau titi ya ce, "Yaya, ai an sauka. Shekaranjiya aka yi mata aiki, an samu mace. Ba mu faɗa ba ne don kada hankalin Inna ya tashi kina hanya."

Daga Maskat zuwa Nizwa kimanin kilomita 160 ne, titi ya ratsa tsakanin duwatsun Hajar, baƙaƙe da jajaye, babu ko ciyawa a jikinsu, sai can a gindinsu a hango gonar dabino kore shar da fararen gidaje. Na ga duk wannan, amma zuciyata tana kan kalmar "aiki".

Kwana biyu da zuwana aka sallame ta, da sharuɗɗa. Kada ruwan zafi ya taɓa ɗinkin. A rage gishiri sosai. Auta ta yi wa likitar bayanin kanwa, likitar ta ce ko kusa. Ban ja da ita ba. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka alaƙanta ciwon zuciyar da ke kama mata bayan haihuwa da yawan shan kunun kanwa da kwanciya a gadon da aka hura wa wuta, ni ma kuma na taɓa ganin mai jego ta kumbura har numfashi ya gagare ta. Sanin hakan bai hana ni jin an ɗaure mini hannu ba. Na zauna a ɗakin girki ina duban jakar nan, rabin abin da na ƙetaro teku da shi ba shi da amfani. Ga yarinya kwance fuska fayau, ruwan nono bai zo sosai ba, jaririya tana ta tsala kuka.

Washegari da hantsi aka ƙwanƙwasa ƙofa. Wata dattijuwa ce, gajeriya, sanye da riga mai launi iya gwiwa da wando mai aiki a bakin ƙafa, ta yafa babban gyale. Jikarta na biye da ita da tire. Maƙwabciyarsu ce, gida biyu tsakani, kowa a layin Khala yake ce mata, ni ma haka na bi. Larabcina na Islamiyya ne, nata na cikin duwatsu, amma mun fahimci juna da taimakon Auta da kuma hannu. Ta yi mana barka, ta duba jaririya ta yi mata addu'a, sannan ta juya ga Auta ta tambaye ta abin da ta ci. Da ta ji shayi ne da burodi sai ta girgiza kai, ta ce wa jikar ta buɗe kwano.

Abin da ke ciki ya yi kama da kunu mai kauri, launin ƙasa-ƙasa, man shanu na yawo a kansa. Ƙamshin ya cika ɗakin. Sunansa sakhuna, daga kalmar Larabci mai nufin zafi, kuma sunan ya dace da shi, don na ɗanɗana kafin a ba Auta: da farko zaƙin dabino, sai ƙamshin soyayyen gari, sai can a maƙogwaro yaji ya taso, ɗumi ya sauka har ciki. Auta ta sha rabin kwanon, gumi ya tsatstsafo mata a goshi, ta koma ta yi barcin da ba ta yi irinsa ba tun da muka dawo daga asibiti.

Mai jego a can murabbiya suke ce mata, kuma kwana arba'in take yi kamar tamu. Ita ma idan da hali gidan uwarta take komawa. Khala ta ce tunda uwar wannan tana nesa, to layin nan ne gidan uwarta. Ta faɗe shi ba tare da wani kwarjini ba, kamar mai faɗin ranar kasuwa, kuma ta cika.

Kwana na uku na bi ta gida don in ga yadda ake yin sakhuna. Garin alkama ne, ba mai laushi sosai ba. Ta zuba shi a busasshiyar tukunya a kan wuta kaɗan tana juyawa, ba ta ɗaga hannu ba har sai da ya sauya launi ya fara ƙamshi kamar soyayyiyar gyaɗa. A nan aikin yake. Idan aka yi gaggawa ya ƙone ya yi ɗaci, idan aka sauke da wuri ya riƙa warin ɗanyen gari. Sannan ta zuba man shanu. Nasu samin suke kiransa, kuma kamar yadda muke soya namu da albasa, su da kayan ƙamshi suke dafa nasu, shi ya sa ko a buɗe kwalba ana gane shi. Ta kawo ruwan ɗumi da ta jiƙa dabino a ciki ta tace, ta riƙa zubawa kaɗan-kaɗan tana burgawa don kada ya yi gudaji. Ta ƙara ruwan zumar dabino, da hel, 'ya'yan ƙamshin nan da Turawa ke kira cardamom, da garin citta. Daga ƙarshe ta ɗebo masoro da cokali, ba da yatsu ba. Masoronsu na Indiya ne, marar wutsiya, bai kai namu ɗaci ba amma ya fi shi kaifi. Na zaro ido ganin yawansa. Ta ce shi ne maganin, sauran duk rakiya ce suka yi masa. A wajenta mace idan ta haihu cikinta a buɗe yake, sanyi na neman hanyar shiga, jinin biƙi kuma yana son abin da zai kore shi. Na ji kamar Inna ce ke magana da wani harshe.

Zumar dabinon nan ta tsaya mini a rai. Ba dafa dabinon ake yi ba a tsohuwar hanya. Buhunan dabino ake jibgewa a ɗaki mai ƙasa kwari-kwari kamar kunyoyin gona, nauyin na sama ya matse na ƙasa, ruwan ya riƙa tsiyaya ta kwarin yana taruwa a tulu. Na ga irin ɗakin da idona a fadar Jabrin, ranar da mijin Auta ya matsa sai na fita na sha iska, har yanzu ƙasan baƙi ne da tabon zumar. A ganuwar Nizwa kuma, wadda Imam Sultan bin Saif ya gina a ƙarni na 17, masu yi wa baƙi bayani suna nuna ramuka a saman ƙofofi, suna cewa ta nan ake kwararo tafasasshiyar zumar dabino a kan mahara. Dabino a ƙasar nan shi ne gero, shi ne dawa. Akwai khalas, akwai fard, akwai khunaizi, akwai naghal mai riga saura nuna, kuma kowace tsohuwa ta san wanda ya dace da me.

Abu na biyu da bai taɓa yankewa a gidan ba shi ne hulba. Sunan ma ɗaya ne da namu, hilba suke cewa. Mu dai mun fi saninta a matsayin magani, a jiƙa a sha ana yamutsa fuska. Su abin marmari suka mayar da ita. Ana jiƙa ƙwayar tun dare, da safe a zubar da ruwan, a tafasa a sake zubarwa, har ɗacin ya ragu saura kaɗan. Sannan a dafa ta da madara da sukari da ɗan gari don ta yi kauri, a sa hel da za'afaran. Tana fitowa ruwan ɗorawa, ƙwayoyin sun yi laushi suna narkewa a baki. Auta tana shan kofi safe da yamma. A rana ta huɗu da farawa ta kira ni da dare, "Yaya, zo ki gani," gaban rigarta ya jiƙe sharkaf. Ko hulbar ce, ko barcin da ta samu, ko dai lokacinsa ne ya yi, ni dai na san daren nan jaririya ta ƙoshi ta yi shiru, na koma ɗaki na yi sujada. Abu guda, hulba ba ta ɓuya. Bayan mako ɗaya gumin Auta, da kayanta, da kan jaririyar, duk ƙamshinta suke yi.

Ba mai jego kaɗai ke shanta ba. Duk macen da ta zo barka sai an zuba mata. Matan layin suna zuwa da hantsi ko bayan la'asar, a shimfiɗa musu dabino da 'ya'yan itace da halwa, wadda daga sunanta muka samo alewa, ko da yake tasu mai laushi ce ana ɗiba da cokali. A zagaya da gahawa a ƙananan kofuna, wadda ta ƙoshi ta girgiza kofinta. Kafin su tashi a kawo kasko da lubban na Zufar, can kudancin ƙasar, da turaruka, kowace ta turara gyalenta, wasu su cusa 'yan kuɗi a cikin kayan jaririya. Kuma da wuya mace ta shigo hannu biyu. Wannan ta kawo kurus, wasu 'yan fanke masu faɗi da ake ci da zuma da man shanu. Waccan ta kawo lansir, wanda suke kira habba hamra, an jiƙa shi ya yi yauƙi an dafa da madara, wai don ƙarfin baya. Wata da danginta suka daɗe a Zanzibar, har Sawahili take yi da 'ya'yanta, ta kawo shayi mai kanumfari da citta. Ban taɓa ganin wata takarda ta rabon kwana ba, amma ba a taɓa kawo abu iri ɗaya sau biyu a rana ba, kuma ba a taɓa wayar gari babu ba.

Abincin rana kusan kullum kaza ce. Ba ta gidan gona ba, Khala ba ta yarda da ita ga murabbiya. Kazar gida, ƙarama, mai tauri, a dafa ta ta daɗe da tafarnuwa da kurkur da masoro da busasshen lemon tsami, wanda suke kira lumi, a huda shi a jefa ɗungum. Lumin nan ya cece mu, don tsaminsa ya rufe rashin gishirin da likita ta sa. A cikin romon ake marmasa gurasarsu, rakhal, wadda ta fi takarda siranta: mace ta ɗebo ƙullu mai danƙo a hannu ta dangwala shi a kan faifan ƙarfe mai zafi, abin da ya manne shi ne gurasar, a kankare shi da wuƙa mai faɗi. Na gwada sau da yawa kafin ta fara fito mini ba a yage ba. Da safe kuma a fasa ƙwai a kanta tun tana wuta, a zuba man shanu da zuma a naɗe.

Zuma kam ba a wasa da ita. Ranar Juma'ar da ta gabaci suna na bi mijin Auta kasuwar dabbobi, wadda ke ci tun da sassafe a gefen ganuwa. Masu saye suna tsaye sun yi da'ira, masu sayarwa suna zagayawa da awaki suna faɗin farashi, matan ƙauye masu rufin fuska suna taɓa bayan dabba suna ciniki da ƙarfinsu. Da muka samu abin yanka sai na shiga ɓangaren masu zuma. Iri biyu suka fi nunawa: ta furen bishiyar samur, mai duhu, wadda ake ɗiba da zafi, da ta furen sidir da ake ɗiba idan sanyi ya kusa, wato daidai lokacin da na je. Sidir ɗin nan da na ga bishiyarsa kurna ce tamu sak. Akwai kuma ta wani ƙaramin ƙudan daji da suke kira abu tuwaik, mai yin saƙa ɗaya tak a reshe ko a kogon dutse, wadda kuɗin kwalbarta ya sa na mayar da ita a hankali. Da na ba Khala labari sai ta ce ai irinta ake nema wa murabbiya. Ta ce a gidansu, da zarar ciki ya fito, uwa take fara tanadi: kwalbar zuma, kwalbar samin, masoro, hulba, a ware 'yan kaji ana kiwo. Kwalbar da take ɗibar wa Auta ragowar wadda ta saya wa 'yarta ce. Wannan ya fi komai taɓa ni. Mafi tsadar abin da ke cikin gida, shi ake ajiye wa mace na wata da watanni, tun ba a san me za ta haifa ba.

Wuri ɗaya muka saɓa da ita, kuma har yau ina ganin ni ce da gaskiya. Ba ta son Auta ta sha ruwa da yawa. Na sanyi dai na yarda a bari, amma ita ko na ɗumi sai ta ce kaɗan, wai yana saki ciki ya hana shi komawa. Mace mai shayarwa, mai shan masoro da cokali, a ƙasar da ko da sanyi iskarta a bushe take. Na ce, "Khala, ki yi haƙuri, wannan kam ba zan bi ki ba." Ta yi shiru, na ga ba ta ji daɗi ba. 'Yarta ce ta raba mu, wadda ma'aikaciya ce, ta ce ita ma da ta haihu a ɓoye take sha. Muka tsaya a kan ruwan ɗumi da aka tafasa da za'atar, ganyen dutse mai ƙamshi, a cika fulas a ajiye mata a gefen gado, ta sha iya sonta. 'Yar ce kuma ta gaya mini matan yanzu suna rage sukari da mai a abincin jego saboda ciwon sukari ya yi yawa a ƙasar, kuma dokar ƙwadago ta 2023 ta ƙara hutun haihuwa daga kwana 50 zuwa 98. Ta ce da can arba'in na cika ake fara shirin komawa ofis.

Wata rana muna tsince hulba, Khala ta ba ni labarin haihuwarta ta fari. A ɗaki ta yi ta, a ƙauyensu, kafin Sarki Kabus ya hau mulki a 1970, lokacin da asibiti biyu ne a ƙasar gaba ɗaya. Ta ƙirga mini da yatsu ƙawayenta da suka tafi wajen haihuwa, ba ta cika hannu ɗaya ba ta tsaya ta goge ido. Ta ce a wancan zamanin babu allura babu ƙarin jini, abin da ke hannun uwa kawai wuta ce da tukunya. Shi ya sa ba ta raina asibiti, ita ce ma ke tuna wa Auta lokacin shan maganin hawan jini. Amma tukunyar ma ba za ta sake ta ba. Tun daga ranar na daina ganin yawan masoron nan a matsayin taurin kan tsohuwa.

Jakata ma ba ta tashi a banza ba. Garin geron na dama shi da tsamiya maimakon kanwa, Auta ta sha ta yi hawaye don ya tuna mata gida. Ranar suna na gasa hanta da tsoka na barbaɗa yajin Inna. Khala ta lasa a yatsa, ta rufe ido, ta tambayi sunan kimba har sau uku. Ta ce wannan yajin na murabbiya ne na gaskiya, wadda ta haɗa shi ta san ciki. Na kira Inna a waya na faɗa mata, ta ce a ba baiwar Allahn nan rabi. Tsofaffin biyu suka gaisa ta WhatsApp, ɗaya da Hausa ɗaya da Larabci, kowace tana sa wa ɗaya albarka, sun fi minti biyar a haka.

Da aka yi wata guda jinin Auta ya daidaita, kumatunta suka ciko, ta fara fitowa tsakar gida da yamma. Ganyen darbejiyar na dafa shi a ƙarshe, bayan likita ta ce ɗinki ya kama, na sirka ruwan ya zama ɗumi na yi mata wanka a hankali, ba irin na gida ba.

Ana gobe arba'in, jibi kuma jirgina, Khala ta shigo da asuba ba tare da kwano ba. Gari ta kawo, da kwalbar samin, da dabino jiƙaƙƙe. Ta ja kujera ta zauna a bakin ƙofar ɗakin girki ta ce yau ni zan yi. Na soya garin ina jin idonta a bayana, na zuba ruwan kaɗan-kaɗan, bai yi gudaji ba. Na sa masoron da nake ganin ya isa, na miƙa mata cokali. Ta ɗanɗana ta daɗe ba ta ce komai ba. Sannan ta tashi, ta ɗebo wani rabin cokalin ta ƙara, ta juya sau biyu, ta ce in kai mata tun da zafinsa.